Mun Tashi, Waya Ta Ƙi Tashi

Duk wanda ya taɓa tashi daga wani gida zuwa wani ya san cewa kayan ɗan Adam kashi biyu ne: akwai waɗanda ake ɗaurewa a jefa bayan a-kori-kura, akwai kuma waɗanda sai dai a tsaya a bakin zaure a yi musu kallon bankwana. Gado da turmi da tukwane suna cikin kashi na farko. Rijiya da inuwar dogonyaro da maƙwabcin kirki suna cikin na biyu. Mu dai a gidanmu, har zuwa daminar 1997, mun ɗauka wayar tarho tana cikin kashin farko ne, domin ga ta nan a kan teburi, 'yar baƙa, yaro ma zai iya rungumarta ya kai mota. Ashe abin da muke gani a kan teburin nan kunne ne kawai. Sauran jikin dabbar yana binne a ƙarƙashin titunan Gombe, kuma ba namu ba ne.

Matasan yanzu, in ma sun san ta, suna ce mata wayar girke. A zamaninmu ba ta da wannan suna, don ba ta da kishiyar da za a bambanta su. Sai da ta tafi-da-gidanka ta shigo gari sannan aka waiwayi uwargida aka laƙaba mata suna. Saboda haka mai karatun da aka haifa ya tarar da waya a hannun mahaifiyarsa sai ya yi haƙuri ya bi mu sannu a hankali.

Gidan haya muke zaune a Jekadafari. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, yana da shago a Babbar Kasuwar Gombe, inda yake sayar da atamfa da shadda da yadin da yake sarowa daga Kantin Kwari a Kano da kuma masaƙun Kaduna, lokacin da masaƙun ke da rai. A 1988 aka jona mana waya, bayan takardarsa ta shekara uku tana jiran layi. Ranar da ta fara ƙara, Inna ta dafa shinkafa da kaji kamar ana suna.

Kada mai karatu ya ga kamar zuzutawa muke yi. Lokacin da Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960, layukan wayar da ke ƙasar duka ba su kai 19,000 ba. A 1985 aka haɗe ɓangaren waya na ma'aikatar P&T da kamfanin NET mai kula da kiran ƙasashen waje, aka sami NITEL. Amma har zuwa 2001 layukan da ke aiki ba su wuce kimanin 400,000 ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 100, wato sai an tara mutum 250 ko fiye kafin a sami layi ɗaya, kaso mai tsoka kuma yana Legas. Ba mu kaɗai ba ne, domin rahoton Maitland da ƙungiyar sadarwa ta duniya ta fitar a tsakiyar shekarun 1980 ya nuna cewa wayoyin birnin Tokyo kaɗai sun fi na nahiyar Afirka yawa. A wannan zamani ne aka jingina wa Ministan Sadarwa na mulkin Janar Babangida, David Mark, maganar cewa waya ba ta talaka ba ce. Daga baya ya ce ba haka ya faɗa ba. To, ko ya faɗa ko bai faɗa ba, talakan Gombe bai ga abin musu a cikinta ba.

Don haka waya a gida ɗaya waya ce ta unguwa. Ɗalibi a Zariya, soja a Fatakwal, matar da aka kai aure Yola, kowa yana riƙe da lambar gidanmu kamar tasa, mu yara kuma mu ne 'yan aike. Da ta yi ƙara sai a ce, "Maza je ka kira Goggo mai ƙosai, za a sake bugowa bayan minti goma." Sai ka ga tsohuwa ta taho tana gyara mayafi, ta zauna a bakin kujera ta ƙura wa baƙar abar nan ido kamar mai jiran hukunci. In an bugo kuwa rabin lokacin a gaisuwa yake ƙarewa, da ƙarfi kuma, don a ganinta tun da Zariya na da nisa dole a ɗaga murya. Karɓar kira kyauta ne, bugawa ce ke da kuɗi, shi ya sa Baba ya sa ɗan kwaɗo ya kulle faifan lambobin. Yanzu da ya riga mu gidan gaskiya muna iya faɗa: mun gano cewa in aka ƙwanƙwasa wurin da ake ɗora kan wayar da sauri, sau uku a madadin 3, sau goma a madadin sifiri, kira yana tafiya ko da kwaɗon na nan. Takardar kuɗin wata ce ta tona mana asiri, dorina kuma ta rufe zancen.

A gefen kasuwa kuwa, lambar nan jari ce. Da 072 ake shiga Gombe, kamar yadda ake shiga Kano da 064, Kaduna da 062, kuma lambobinmu da ke bin 072 ɗin nan suna rubuce a littattafan dilolin Kwari da bangon shaguna a Kaduna da bayan katin wani mai sayen wake a kasuwar Bodija ta Badun. Bappanmu, ƙanen Baba, hatsi yake saye a Tudun Hatsi yana lodi zuwa Kudu. Kafin ya cika mota sai ya zo gidanmu da daddare ya ji yadda farashi ya kwana a Legas, domin wanda ya yi lodi a makance yana iya isa ya tarar kasuwa ta faɗi. Haka Baba: in sabon zane ya fito gab da Salla, wanda aka fara bugo wa shi ke cin kasuwa. Shekara tara ana shuka lambar nan a hannun mutane. Ba abin da za a tuge a dasa wata a wuni ɗaya ba ne.

Ranar 1 ga Oktoba, 1996, Janar Sani Abacha ya ƙirƙiro sababbin jihohi shida, Gombe na cikinsu, aka yanke ta daga Jihar Bauci. Mu ma muna cikin yaran da suka bi motoci da ganye a hannu har murya ta dushe. Garin da Turawa suka mayar da hedikwatar masarautar Buba Yero cikinsa a 1919, wanda auduga da jirgin ƙasa suka raya, ya wayi gari babban birnin jiha. Abin da ba mu hango ba shi ne, babban birni yana zuwa da baƙinsa. Ma'aikata suka kwaso iyalansu daga Bauci, ma'aikatu suka shiga neman gidajen da za su mayar ofis, kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabi. Ba a daɗe ba mai gidanmu ya aiko da ban-haƙuri: ya sami wanda zai biya ninki uku, mu nemi wuri kafin ƙarshen damina. Daga baya muka ji cewa cikin abubuwan da ya yi wa sabon ɗan hayar talla da su har da cewa gidan akwai waya.

Baba yana da fili a Tumfure, ta hanyar Bauci, wanda ya saya tun wurin yana gonaki, yana kuma gini a hankali, ɗaki ɗaya bana, ɗaya baɗi. Dole ta sa aka hanzarta, duk abin da ke hannunsa ya tafi a kwanon rufi da siminti. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu sai da ya rage mako biyu mu tashi sannan wani ya tuna da waya. Baba ya ce abu mai sauƙi ne, ya tafi ofis da biyu daga cikinmu, don mu cike masa takarda.

Wani injiniya mai furfura, mutumin kirki wanda har yau muke yi wa addu'a, ya zaunar da mu ya juya bayan wani fom ya yi mana zane. Ya ce, "Alhaji, abin da kake biya duk wata ba akwatin nan na kan teburinka ba ne. Kowane layi silin jan ƙarfe biyu ne, sun taso daga injinmu na nan, sun bi cikin babban kebur a ƙarƙashin ƙasa tare da ɗaruruwan 'yan'uwansu, sun fito a akwatin ƙarfen da kake gani a bakin titi, sun hau falwaya, sannan suka sauka gidanka. Lambarka wurinmu take zaune. In ka koma unguwar da kebur ya kai, kuma akwai silin da ba kowa a kansa, sai mu cire ka can mu ɗaura ka nan, lamba ba ta canja ba. In kuwa kebur bai kai ba, to, sai an kai shi." Nan muka fahimci dalilin da ya sa waya ke aiki ko an ɗauke wuta, don daga baturan ofis take shan tata, da kuma dalilin da ya sa take shaƙewa da damina in ruwa ya shiga mahaɗar kebur.

Sannan aka zo maganar kuɗi. Ashe tashin waya ba kuɗi ɗaya ba ne, jerin gwano ne. Akwai na fom, akwai na zuwa duba sabon wuri, akwai sharaɗin a biya duk bashin da ke kan layin kafin a taɓa shi, sannan ga kuɗin jonawa, wanda shi kaɗai Baba ya zo da shirinsa. Waɗannan duka abu ne da ɗan kasuwa zai cije ya biya. Amma da aka je aka auna, sai aka tarar tsakanin falwaya ta ƙarshe da ƙofar sabon gidanmu sai an kafa falwaya 11, kowace da raminta da leburorinta da wayar da za a ja a kanta, duk a wuyan mai nema. Da aka faɗi jimla Baba bai ce komai ba, ya dai cire hula ya shafa kai ya mayar. A hanyarmu ta komawa kasuwa ya ce mana kuɗin ya fi abin da ya kashe wajen rufin ɗakuna uku. Daɗin daɗawa, in ka biya kuɗin falwaya ba ta zama taka ba, maƙwabcin da ya zo bayanka a kanta za a ja masa nasa layin. A lokacin mun ga rashin adalci a ciki. Yau da muka ga yadda ruwan famfo da lantarki ke isa sababbin unguwanni, mun gane tsohuwar ƙa'ida ce a garuruwanmu: wanda ya fara isa daji shi ke biyan kuɗin sharar hanya.

Hanya uku ta rage. Ko a biya a kai waya Tumfure; ko a mayar da ita shago, tun da kasuwa a tsakiyar gari take, ba a bukatar falwaya ko ɗaya; ko kuma a bar wa sabon ɗan haya, wanda ya aiko har sau biyu yana tayin kuɗi masu kauri a sake suna a takarda. Bappa ya ce shago, bai ma ga abin shawara ba. Inna ce ba ta ce uffan ba, mu kuwa mun san dalili. Addarmu, 'yarta ta fari, tana aure a Legas tun 1995, kuma kowace Juma'a bayan sallar isha'i mijinta yakan kai ta inda ake buga waya ta kira gida. Inna ba ta yi boko ba, wasiƙa sai an karanta mata, ta kuma ce a murya ake gane ko mutum yana cikin daɗi. Minti biyar ɗin nan na daren Juma'a su ne abin da ya rage mata na 'yarta. Ga alkunya ta hana ta ko ambaton sunan 'yar fari, balle ta tsaya gaban miji ta ce saboda ita take so. A dare na uku, tana kwashe kwanuka, ta ce, "Alhaji, ita kasuwa ai da magariba ake rufe ta." Baba ya ce, "Na sani." Iyakar muhawarar da aka yi a gabanmu ke nan.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ana cikin haka wani mutum ya fara zarya a shagon Baba. Ba ma'aikacin ko'ina ba ne, irin mutanen nan ne masu rataye da jakar kayan aiki, waɗanda kowa ya san fuskarsu amma ba wanda ya san gidansu. Ya ce, "Alhajin Allah, falwaya 11 ta mece ce? Ga turakun lantarki, ga itatuwa. Ka ba ni sulusin abin da aka ce maka, cikin mako guda za ka ji ta tana kuka a ɗakin Hajiya, takardu kuma ni zan bi maka." Baba mutum ne da ba ya yarda yaron shago ya ja yadi wajen awo don a ci ɗan yatsa ɗaya na mai saye. Amma ya kwana biyu yana ganin fuskar Inna. Yana da bijimai biyu da ake kiwata masa a wajen Kwami. Ya aika aka sayar da ɗaya.

Mutumin nan ya cika alkawari. Muka tare ranar Asabar, ranar Laraba da dare ya zo da yara biyu da tsani, kafin asuba siririyar waya ta bi ta kan katanga ta shiga ɗakin Inna. Aka ɗaga aka ji ƙugin nan mai daɗi. Baba ya buga Kano ta shiga, ya buga Kaduna ta shiga, Inna ta raba goro. Sai dai Juma'a ta zo, muka kewaye waya tun daga isha'i har goma ta wuce, ba ta yi ƙara ba. Washegari kuwa ta yi har sau huɗu, kowane karo ana tambayar wani mutum da ba mu taɓa jin sunansa ba, ɗaya har da faɗa, wai me ya sa mata ke ɗaukar wayar ofis. Ranar Litinin Baba ya shiga shagon wani abokinsa mai waya ya buga lambarmu da hannunsa. Aka ɗauka, sai ya ji muryar sabon ɗan haya a Jekadafari. Ashe layinmu bai motsa daga inda yake ba. Abin da mutumin ya yi shi ne, ya hau falwaya ta ƙarshe ya maƙala mu a kan silin wani bawan Allah mai ɗan ofishin kwangila a bakin hanya. Kiran da muka yi ta yi a kan takardarsa zai fito, shi kuma ɗan haya yana can yana more tamu a kan takardarmu.

Ba mu taɓa ganin Baba cikin irin fushin ranar ba, kuma ba asarar bijimi ce ta dame shi ba. Ya dawo gida tun kafin azahar, abin da ba ya yi, ya ɗauki almakashin yankan yadi ya datse wayar daga bakin taga. Ya sa muka zauna muka tuno duk kiran da aka yi, wa aka kira, minti nawa, muka rubuta. Da la'asar ya sa babbar riga ya tafi wurin mai layin, ya gaya masa komai tun daga farko, ya ajiye masa kuɗi. Mutumin ya ƙi karɓa, Baba ya ƙi ɗauka; a ƙarshe aka kai su masallacin unguwa. Mai jakar kayan aiki kuwa, ko ƙurarsa. Sai bayan shekaru muka hange shi a tasha yana sayar da katin waya, ya gaishe mu da fara'a kamar ba shi ba.

Daga nan ba sauran shawara. Aka koma ofis ta ƙofar gaba, aka biya bashi har da na kiran ɗan haya, aka biya kuɗin jonawa, aka karɓi rasit mai hatimi, cikin 'yan makonni waya ta koma shago da lambarta. Ta fuskar kasuwa babu shakka an yi daidai. Ciniki ya ƙaru, Bappa ya daina zaryar dare. Mutanen Jekadafari ne suka yi asara ba tare da an shawarce su ba, don har an shekara ana bugowa ana cewa a kira Goggo mai ƙosai. Inna kuwa ba ta taɓa shiga kasuwa ba tun da aka kawo ta gidan Baba, ba ta kuma ga dalilin da za ta fara yanzu ba. Aka mayar da kiran Adda safiyar Asabar, mu muke ɗauka mu kawo saƙo: tana gaishe ki, ta ce a aika mata da kuka da daddawa. Inna takan tambaya, "Yaya kuka ji muryarta?" Mu ce lafiya lau. Me yaro ya sani game da murya? Daga baya suka koma kaset: Inna ta rufe ɗaki ta yi magana da rakoda, a ba direban motar wake ya kai Legas, bayan mako uku amsa ta dawo. Ranar da kaset ya iso ba a cin tuwon dare da wuri.

Wata safiya cikin hunturun farkon 1999 muka je buɗe shago, sai maigadin layinmu ya tare mu tun kafin mu sa makulli. Ya ce, "Samari, wayarku ta kwana tana kuka. Tun ƙarfe ɗaya take yi, ta yi shiru ta sake, har assalatu. Na zo na tsaya a bakin ƙofa, ba yadda zan yi." Muna cikin buɗe kwaɗo ta sake ɗauka. Mijin Adda ne. Naƙuda ta zo mata da gardama tun tsakar dare, lokaci bai yi ba. An kai ta asibiti, an ceto ta, amma yaron bai zo da rai ba. Ya ce tun da abin ya tsananta ba abin da take faɗa sai a gaya wa Inna ta yi mata addu'a, shi kuma ya kwana tsakanin asibiti da gidan wani maƙwabci mai waya.

Mu aka aika Tumfure da labarin. Inna ta saurara har muka gama, ta yi salati, ta ce Allah Ya sa mai ceto ne. Sannan ta tambaya, "Ƙarfe nawa aka fara bugowa?" Muka faɗa mata. Ta ce, "Ina farke a lokacin." Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, ba mu kuma taɓa jin ta ɗora wa kowa laifi ba. Washegari ta hau motar Legas, tafiyarta ta farko da ta wuce Jos.

Mun sani, mai karatu ma ya sani, da wayar tana ɗakinta ba za ta canja abin da Allah Ya rubuta ba. Inna ba ungozoma ba ce, tsakaninsu kuma ya fi kilomita 1,000. Baba ma ya san haka. Duk da haka kafin ta dawo ya sayar da ɗaya bijimin, ya haɗa da rabin filin da ya rage a bayan gida, ya shigar da takardar neman sabon layi, ya biya kuɗin falwaya 11 lakadan. Bappa ya ce masa wannan ba lissafin ɗan kasuwa ba ne. Baba ya ce, "Ai ban ce shi ne ba." Aka kafa su ɗaya bayan ɗaya a gefen hanyar da ko kwalta babu, a tsakiyar 2000 waya ta yi ƙara a ɗakin Inna da lambarta ta kanta. Unguwar ma har ta sami kwatance: in baƙo ya tambayi gidanmu sai a ce ya bi falwayoyin Alhaji har inda suka ƙare.

A watan Janairu na 2001 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a Abuja, kowane lasisi a kan dala miliyan 285, a watan Agusta kuma Econet da MTN suka fara aiki. Da farko ita ma ta masu hali ce, ana kuma cajin cikakken minti ko da daƙiƙa biyar ka yi, har sai da Globacom ta shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa. Amma sabuwar ba ta bukatar a ja wa kowa sili har ƙofar gidansa. Dogon ƙarfe ɗaya a kan tudu ya ishi unguwanni. Kuɗin jonawa, wanda ya ci mana bijimai biyu da rabin fili, ya yi ta zubewa har layi ya koma abin da ake sayarwa ƙarƙashin lema a bakin kasuwa. Zuwa 2012 layukan da ke aiki a ƙasar sun haura miliyan 100. NITEL kuwa aka sayar wa Transcorp a 2006, aka ƙwace a 2009, daga bisani NATCOM ya karɓi kadarorinsa a 2015. Wayar shagonmu ba rana ɗaya ta mutu ba. Kiran ne ya yi ta raguwa, har wata rana aka ɗaga aka ji ba ƙugi, ba wanda ya tashi ya je kai rahoto.

In muka taru da Salla, mu 'ya'yansa, mukan yi gardama a kan ko Baba ya yi gaggawa. Masu lissafi a cikinmu sukan ce da ya ƙara haƙurin shekara biyu ko uku da rabin filin nan yana nan, ga shi yau Tumfure ta haɗe da gari, filin da ya sayar ya fi ƙarfinmu ko mun yi karo-karo. Sauranmu mukan ce a 1999 ba wanda ya san abin da ke tafe, kuma 'yan shekarun da Inna ta yi tana jin muryar 'yarta a ɗakinta, har da daren da aka bugo aka ce Adda ta sauka lafiya an sami mace, ba a kan sikelin Tudun Hatsi ake auna su ba. Adda ba ta shiga gardamar. In an matsa mata sai ta ce ita dai har yau ta san lambar, ta kuma karanto ta, da 072 ɗinta.

Silin jan ƙarfen tuni 'yan jari-bola suka yi gaba da shi. Falwayoyin ma gara ta ci wasu, faɗaɗa hanya ta kwashe wasu. Saura ɗaya, ta ƙarshe, wadda ke jikin katangarmu, a nan muke ɗaure ragon layya. Ita kuwa baƙar wayar tana cikin kabad ɗin Inna, tsakanin tasoshin aurenta, a lulluɓe da ɗan ƙyalle. Kwanakin baya wani jikanta mai shekara shida ya ciro ta, ya yi ta juya ta gaba da baya yana neman inda ake sa caji. Inna, da tata wayar a ƙulle a bakin zane, ta karɓa, ta goge ƙurar da gefen mayafinta, ta ce ya mayar inda ya ɗauko, kada ya yar.